Tarho Ko Intanet: Wace Hanya Ta Fi Dacewa Wajen Jin Ra'ayin Jama'a?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen hatsi da yawa ya san cewa ba a zazzage buhu ɗari domin a ga abin da ke cikinsu. Abin da akan yi shi ne a soki wasu daga cikin buhunan, a ɗebo kaɗan daga sama, kaɗan daga tsakiya, kaɗan kuma daga gindi, sa'an nan a yanke hukunci a kan kayan baki ɗaya. Idan kuwa mai saye ya tsaya ga abin da aka shimfiɗa masa a bakin buhu kaɗai, to komai yawan abin da ya duba, zai iya tafiya gida da tsakuwa da ƙaiƙayi.

Wannan ita ce ƙa'idar da aka gina binciken jin ra'ayin jama'a a kanta. Kamfanin da ke son ya fito da sabon sabulu, da bankin da ke shirin buɗe reshe, da hukumar da ke son ta san yadda tsadar abinci ke taɓa magidanta, babu wanda zai iya tambayar kowa da kowa. Sai dai a zaɓo mutane dubu ɗaya ko dubu biyu, a ji ta bakinsu, a ɗauki amsarsu a matsayin amsar miliyoyin jama'a. A yau hanyoyi biyu ne suka fi saurin kai mai bincike ga waɗannan mutane, watau kiran tarho da kuma aika tambayoyi ta intanet. Kowace daga cikinsu tana da inda take kaiwa da inda ba ta kaiwa, kuma wanda zai biya kuɗin aikin, ya kuma zuba jari bisa sakamakonsa, ya kamata ya san bambancin kafin ya sa hannu a kan yarjejeniya.

Darasin shekarar 1936

Masu wannan sana'a har yanzu suna karantar da ɗalibansu abin da ya sami wata mujalla ta ƙasar Amurka mai suna Literary Digest. A shekarar 1936, lokacin da ake shirin zaɓen shugaban ƙasa, mujallar ta aika da takardun tambaya kimanin miliyan 10 ta gidan waya, aka mayar mata da fiye da miliyan 2. Bisa ga waɗannan amsoshi ta bayyana cewa Alf Landon zai sami kashi 57 cikin ɗari, ya kayar da Shugaba Franklin Roosevelt. Da aka kaɗa ƙuri'a, sai Roosevelt ya sami sama da kashi 60 cikin ɗari, ya kuma ci jihohi 46 daga cikin 48. George Gallup, wanda ya kafa cibiyarsa a 1935, ya tambayi mutanen da ba su kai ko kusa da wancan adadi ba, amma ya faɗi wanda zai yi nasara daidai.

Abubuwa biyu ne suka ja wa mujallar wannan abin kunya. Na farko, ta tsamo sunaye da yawa daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci, alhali a wancan zamani na karayar tattalin arziki mai tarho ko mota ya fi sauran jama'a abin hannu. Na biyu, waɗanda ke jin haushin gwamnati sun fi ɗokin mayar da amsa a kan waɗanda suka gamsu da ita. Mujallar ba ta ƙara shekara biyu a kasuwa ba, domin a 1938 ta daina fitowa. Darasin dai shi ne, yawan amsoshi ba ya gyara kuskuren zaɓen waɗanda aka tambaya.

Tasowar tarho da komawarsa baya

Da tarho ya shiga kusan kowane gida a Amurka da Turai ta Yamma, daga shekarun 1970 zuwa gaba, sai ya zama babbar hanyar bincike a can. Aka ƙirƙiro dabarar da na'ura ke harhaɗa lambobi da kanta ba tare da duba wani littafi ba, ta yadda kowane gida mai tarho yana da damar a kira shi, ko an san sunan mai gidan ko ba a sani ba. Wannan ya sa ana iya auna girman kuskuren da ke cikin sakamako ta hanyar lissafi. Idan an zaɓo mutane ta wannan hanya, amsar mutum 400 takan kauce wa gaskiya da kimanin maki 5 sama ko ƙasa, ta mutum 1,000 da kimanin maki 3, ta mutum 2,400 kuma da kimanin maki 2. Mai karatu zai lura cewa ninka yawan mutane ba ya rage kuskuren da rabi, sai an ruɓanya su sau huɗu, kuma a nan ne kuɗin aiki ke tashi.

To, amma daga baya jama'a suka gaji da ɗaukar waya. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayyana cewa a shekarar 1997, cikin kowane gida ɗari da ta nema ta tarho, 36 ne ke amsa tambayoyinta. A 2012 adadin ya sauko zuwa 9, a 2018 kuma ya koma 6. Masu tallace-tallace da 'yan damfara sun cika layuka, wayoyin hannu kuma suna nuna lambar mai kira, don haka mutane suka riƙa ƙyale lambar da ba su sani ba. Sakamakon haka, sai an buga lambobi dubu goma sha wani abu kafin a sami mutum dubu ɗaya, kuma kowane kira albashin ma'aikaci ne. A 2014 cibiyar ta kafa wani rukunin mutane na dindindin da take tambaya ta intanet, kuma a hankali ta mayar da mafi yawan bincikenta na cikin gida can.

Kashi biyu na binciken intanet

A nan akwai wani bambanci da masu tallar irin wannan aiki ba su cika bayyana wa abokan cinikinsu ba. Binciken intanet iri biyu ne. A iri na farko, mai bincike ne ke zaɓo mutane da kansa ta hanyar ƙuri'a, daga jerin adireshin gidaje ko lambobin waya, ya gayyace su, har ma ya samar wa marasa intanet wata hanyar da za su amsa. Irin wannan shi ne na cibiyar Pew, kuma yana da tsada. A iri na biyu, ƙofa a buɗe take, wanda ya ga talla ko saƙo ya shiga ya amsa, sau da yawa domin ɗan ladan da ake bayarwa. Wannan shi ne mai araha, shi ne kuma ya fi yawa a kasuwa.

Matsalar iri na biyu ita ce, ba a san wanda bai shiga ba, ba a kuma da tabbacin wanda ya shiga. A wani gwaji da cibiyar Pew ta yi a 2022, ta tambayi masu amsa irin wannan bincike ko suna da lasisin tuƙa jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa mai aiki da nukiliya. Kashi 12 cikin ɗari na 'yan ƙasa da shekara 30 suka ce suna da shi, abin da kowa ya san ba zai yiwu ba. Waɗannan mutane ne da ke danna amsar "i" ga kowace tambaya domin su gama da wuri su karɓi ladansu. Ɗan kasuwar da aka tambayi irin waɗannan ko za su sayi sabon kayansa, zai ga alkaluma masu faranta rai, sai kaya sun cika shago sa'an nan ya gane araha ba ta ado.

Duk da haka, bai kamata a ɗauka cewa tarho kullum yana gaba ba. A zaɓen Birtaniya na 2015, masu bincike ta tarho da masu yi ta intanet duk sun ce jam'iyyun Conservative da Labour kankankan suke, amma Conservative ta ba da ratar sama da maki 6. Kwamitin da ya binciki lamarin ya gano cewa mutanen da ɓangarorin biyu suka tambaya ba su wakilci masu jefa ƙuri'a yadda ya kamata ba. A ƙuri'ar raba gardama ta ran 23 ga Yunin 2016 kuwa, a kan ko Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, yawancin binciken tarho ya nuna masu son zama suna kan gaba, na intanet kuma ya fi nuna takarar ta yi zafi. Masu son ficewa ne suka yi nasara da kashi 51.9 cikin ɗari.

Kunya da kara

Wani abin lura kuma shi ne, mutum ɗaya yakan ba da amsa daban idan murya ce ke tambayarsa, daban kuma idan shi kaɗai ne da allon waya. A 2014 cibiyar Pew ta raba mutane kashi biyu, ta yi musu tambayoyi iri ɗaya, wasu ta tarho wasu ta intanet. Waɗanda aka yi magana da su sun fi cewa suna jin daɗin zaman iyalinsu ƙwarai, waɗanda suka amsa a rubuce kuma sun fi tsananta suka ga 'yan siyasa.

Mu da muka tashi cikin al'adar kunya da kara ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Magidanci ba zai so ya faɗa wa baƙuwar murya cewa ana binsa bashi ba, ko cewa gidansa sun kwana ba a ɗora tukunya ba. Matar aure kuma, idan tana amsa waya a tsakar gida ga surukarta zaune, ba za ta faɗi duk abin da ke ranta ba. Haka zalika, wanda aka tambaya ko yana son kayan wani kamfani zai iya yabawa don kada ya kunyata mai tambaya. Saboda haka, a tambayoyin da suka shafi bashi, rashin lafiya, cin hanci ko ƙorafi a kan ma'aikata, amsa a rubuce takan fi kusa da gaskiya. Sai dai mai tambaya ta tarho yana da nasa amfanin, domin yana iya maimaita tambaya, ya fayyace kalmar da ba a gane ba, ya kuma lura idan mai amsa ya fara gajiya.

Yadda lamarin yake a Nijeriya

Tarihin tarho a ƙasar nan ya bambanta da na Turai. Kafin shekarar 2001, layukan da kamfanin NITEL ya samar wa ƙasa baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, don haka a wancan lokaci binciken tarho jin ra'ayin manyan ofisoshi da attajiran birni ne kawai. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agustan shekarar kuma aka fara aiki. A 2023 layukan da ke aiki sun haura miliyan 220, kafin rufe waɗanda ba a haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ba ya mayar da su ƙasa da miliyan 170 a 2024. Kada dai a ɗauki adadin layuka a matsayin adadin mutane, domin ɗan kasuwa guda yakan riƙe layi biyu ko uku, yayin da a wani gidan ƙauye waya ɗaya ce ke hannun maigida, mata da matasa sai sun ara.

Ta fuskar intanet kuwa, alkaluman hukumar sun nuna cewa a ƙarshen 2024 masu samun intanet mai sauri ba su kai rabin al'ummar ƙasa ba. Kuma waɗanda ke da shi sun fi yawa a birane, cikin matasa da masu ilimin boko. Bugu da ƙari, cika takardar tambaya a allon waya yana bukatar iya karatu, sau da yawa ma da Turanci. Akwai manyan 'yan kasuwa a Kantin Kwari da Dawanau da ke juya miliyoyin Naira a rana ta waya, waɗanda karatunsu na allo da ajami ne, kuma harkarsu duk ta murya ce. Binciken da ya tsallake irin waɗannan, da matan karkara, da dattawa, ya tsallake wani babban ɓangare na masu saye da sayarwa.

Zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ya nuna haka a fili. A watan Satumban 2022, wani bincike da kamfanin Premise ya yi wa kafar labarai ta Bloomberg ta hanyar manhajar babbar waya ya nuna cewa cikin waɗanda suka riga suka yanke shawara, kashi 72 cikin ɗari na goyon bayan Peter Obi ne. Sakamakon da hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana kuwa ya ba Bola Tinubu ƙuri'a kimanin miliyan 8.8, Atiku Abubakar kusan miliyan 7, Peter Obi miliyan 6.1, Rabi'u Musa Kwankwaso kuma kusan miliyan 1.5, alhali masu rajistar da suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Ko da mutanen da aka tambaya sun faɗi gaskiyar abin da ke ransu, masu babbar waya da manhaja wani yanki ne kawai na masu jefa ƙuri'a.

A ɗaya ɓangaren, tarho ya nuna amfaninsa a lokacin annobar korona. Da aka hana zirga-zirga a 2020, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tare da Bankin Duniya suka fara kiran gidaje 1,950 ta waya daga watan Afrilu, suna bibiyar halin aiki, kuɗin shiga da abinci. Abin da ya ƙarfafa wannan aiki shi ne, an tsamo gidajen daga wani binciken gida-gida da aka yi a 2018 da 2019, don haka an san irin gidajen da ba su da waya da waɗanda ba su amsa ba, aka kuma daidaita sakamakon da la'akari da su. Kamfanin NOIPolls da ke Abuja, wanda aka kafa a 2006, shi ma ya daɗe yana amfani da tarho. Ƙungiyar Afrobarometer kuwa, wadda ta fara aiki a 1999, ta fi dogara ga zuwa gida-gida a yi magana ido da ido cikin harshen da mai amsa ya zaɓa, duk da tsadar hakan.

Tarhon ma yana da nasa cikas a nan gida. 'Yan damfara masu kira da sunan banki sun sa mutane suna ɗari-ɗari da duk wanda ya tambayi kuɗin shigarsu. Rashin wutar lantarki yakan sa waya ta wuni a kashe, manomi kuma da damina yana gona a lokacin da ma'aikacin ofis ke kira. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, abin da ya fitar da jihar daga duk wani bincike na tarho ko na intanet har tsawon makonni. Ƙarin kuɗin kira da na intanet na kashi 50 cikin ɗari da NCC ta amince da shi a Janairun 2025 ya taɓa hanyoyin biyu, sai dai a tarho mai bincike ne ke biyan kuɗin kira, a intanet kuwa mai amsa ne ke ƙona nasa.

Yadda za a zaɓa

Tambayar farko da ya kamata mai kamfani ya yi wa kansa ita ce, ra'ayin wa nake nema? Idan abokan cinikinsa ta intanet suke zuwa masa, kamar masu amfani da manhajar banki, ko masu sayen tikitin jirgin sama, ko ɗaliban jami'a, to binciken intanet ya wadatar, kuma ya fi sauri da sauƙin kuɗi. Haka nan idan ana son a nuna wa mutane hoton kwalin kaya, ko launi, ko tambarin kamfani, domin ba a nuna hoto ta murya. Amma idan kayan na kowa da kowa ne, irin su taki, gishiri, man girki ko maganin sauro, ko kuma ana son a ce "ga ra'ayin mutanen jiha kaza", to tarho cikin harshen mutanen ya fi kai wa ga jama'a. Inda kuwa abin ya shafi ƙauyukan da layi ba ya kaiwa sosai, ba makawa sai an taka an je.

Manyan cibiyoyi da dama a yau suna haɗa hanyoyin ne. Sukan zaɓo mutane ta ƙuri'a, su ba mai intanet damar amsawa a rubuce, su kira wanda ba shi da shi. Ko da wace hanya aka bi, akwai tambayoyin da ya kamata mai biyan kuɗi ya yi wa mai bincike kafin ya karɓi rahoto: Daga ina aka samo mutanen, kuma su suka kawo kansu ko zaɓo su aka yi? Mutum nawa aka nema, nawa suka amsa? Da wane harshe aka yi tambayoyin, kuma wa ya fassara su? Mata nawa ne a ciki, mutanen karkara nawa? A waɗanne ranaku aka yi aikin? Da waɗanne alkaluma aka daidaita sakamakon, ganin cewa rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006? Mai binciken da ya san aikinsa ba zai ji nauyin amsa waɗannan ba. Wanda kuma ya buɗe ƙofa ga duk mai son shiga, sa'an nan ya rubuta cewa kuskuren aikinsa bai wuce maki 3 ba, ya yi amfani da lissafin da ba na irin aikinsa ba ne.

Akwai kuma batun doka. Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, tattara sunaye da lambobin wayar mutane da sarrafa su yana ƙarƙashin sa idon hukumar da dokar ta kafa. Kamfanin da ya sayi jerin lambobi daga hannun wanda bai san inda ya samo su ba, ko ya fake da bincike ya koma talla, yana iya jawo wa kansa tara, ya kuma ƙara wa jama'a ƙyamar ɗaukar waya, abin da zai cutar da duk masu wannan sana'a.

Hausawa suna cewa matambayi ba ya ɓata, amma fa sai in ya tambayi wanda ya san hanya. Kuɗin da ake kashewa a kan bincike kaɗan ne idan aka kwatanta da jarin da ake zubawa bisa sakamakonsa, na kafa masana'anta, ko shigo da kaya, ko buɗe reshe. Don haka kafin ɗan kasuwa ya tambayi nawa ne kuɗin aikin, gara ya fara tambayar su wane ne za a tambaya, da kuma su wane ne za a bari a baya.